Makon al'adu a jami'a: kowa na kukan gidansu, wa ke saurare?

A tsakiyar shekarar karatu, wasu tsofaffin ɗalibaina da suka samu bak suka wuce ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasarmu sun aiko mini da takardar gayyata zuwa makon al'adu da ƙungiyoyin ɗaliban jahohi suka shirya. Na tafi, na yi kwana uku ina kallo, na dawo gida da farin ciki haɗe da damuwa. Zan faɗi duka biyun a nan, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma domin aibin da na gani ba na yaran kaɗai ba ne. Mu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu muna da namu kaso a ciki.

Kafin in shiga bayanin abin da na gani, ya kamata mai karatu ya tuna dalilin da ya sa irin wannan biki ya wuce wasan yara. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnatin Nijar. Saboda haka ɗan Gigimi da ɗan Tera, ɗan Bilma da ɗan Madarunfa, dole su tsallaka kogi su haɗu a Haro Banda, su kwana ɗaki ɗaya, su bi layi ɗaya wajen cin abinci. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, da ɗalibai suka hau gadar Kenedi har uku daga cikinsu suka rasa rayukansu, ba jaha-jaha suka jeru ba. Daga 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu jami'o'in, a 2014 Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Wannan alheri ne babba ga iyaye talakawa. Amma yau yaro yana iya fara firamare har ya kai lisans bai taɓa kwana a wajen jaharsu ba. Cuɗanyar da zaman Yamai yake tilasta wa iyayensu a da, yanzu sai an shirya ta da gangan, kuma makon al'adu yana cikin wurare kaɗan da aka tanada domin haka. Da wannan ma'auni na auna bikin.

Zan fara da yabo, domin ya cancanta. Yaran nan da kuɗin aljihunsu suka yi aikin, ga shi kuwa kowa ya san yadda ɗalibi yake jiran bursu. Sun aro tufafi daga iyaye da kakanni, sun ɗinka wasu, sun kafa rumfuna, ƴan mata sun kwana a gindin murhu. A rana ta farko aka yi jerin gwanon jahohi takwas. Na ga rawani da takobi irin na Abzin, na ga kwalliyar Woɗaɓe, na ga kitson matan Manga, na ga ƴan takai da sandunansu. A rana ta biyu aka baje abinci: dambu da kopto, cuku da kilishi, fura da nono, gurasar da Buzaye suke gasawa cikin rairayi. Duk wanda yake cewa ƴan boko sun raina gidajensu, da ya zo wurin nan da ya sassauta harshe.

Sai dai tun a jerin gwanon abu na farko ya tsaya mini a rai. An ba kowace jaha fuska ɗaya tak. Agadas Buzu ce, Difa Babarbariya, Tilaberi Bazabarma, Maraɗi da Damagaram Hausawa. Alhali babu jaha ɗaya a ƙasar nan da take haka. A jahar Damagaram akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa. A jahar Tawa, bayan Adarawa, akwai Buzayen Azawak da Larabawan Tasara. A Tilaberi akwai Gurmawa da Fulani da Kurfayawan Filinge masu magana da hausa. A Doso akwai Arawan Dogon Dutsi da Dandawan Gaya. A Difa akwai Buduma na bakin tafkin Cadi, waɗanda ban ga ko alamarsu ba cikin kwana ukun nan. Bikin da aka shirya domin nuna yawan al'adunmu sai ya ƙare da rage su, ya koya wa mai kallo taswirar ƙarya wadda kowace ƙabila take cikin akurkinta. Irin wannan taswira ce masu neman raba kan jama'a suke so, ko da yake na tabbata yaran ba su nufi haka ba.

Abu na biyu ya fi na farko ciwo, kuma a cikin ƴan kallo na gan shi. Duk jahar da ta hau dandali, ƴaƴanta ne suke cika gaba da tafi da guɗa suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. Da ta sauka sai su watse, wasu su maye gurbinsu. Na zauna wuri ɗaya tun la'asar har bayan isha'i, maƙwabtana na kujera sun sake sau biyar ko shida. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma babu laifi cikin haka. Amma idan kowa ya yi kukansa ya tashi bai tsaya ya ji na wani ba, to an yi taro ba a gana ba. Gasar da aka ɗora a kan bikin ita ta ƙara wa abin ƙarfi: tunda akwai alƙalai da kofi, kowace ƙungiya ta ɗauki sauran abokan hamayya. An manta cewa ko a kokowar ƙasa, wadda ake yi tun 1975 kuma jahohi suke takarar takobi da gaske, ɗan kallo yakan zauna ya ga karawar da babu ɗan jaharsu a ciki, har ya san sunan ɗan kokowar wata jaha da kirarinsa.

Abu na uku shi ne harshe, kuma a nan ne zuciyar maganata take. Sanƙiran bikin da faransanci ya yi magana daga farko har ƙarshe. Yana kiran sunan jaha, ya ce a tafa, a tafa. Ƴan mata suka zauna kewaye da turmin tande suka rera waƙa da tamajak, babu wanda ya gaya mana abin da waƙar take cewa, ko a wane lokaci ake yin ta, ko me ya sa mata ne suke kiɗan maza suna kewaya su bisa raƙuma. Wasu ƙungiyoyin ma ba su kawo makaɗa ba, daga waya aka saka kiɗan cikin lasifika suka taka. Na tambayi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina ma'anar baitin da ƙungiyarsu ta yi ta maimaitawa, wanda da hausar ƙauyen kakanninsa ne. Ya yi murmushi ya ce: «Wallahi Mushe, haka muka ji ana faɗi.» Ban ga laifinsa ba, tunda ni na koyar da shi shekara biyu ban taɓa aika shi ya tambayi kakarsa komai ba. Tufafi da rawa ido yake ci, ana iya aro su da safe a mayar da yamma. Abin da al'umma ta sani game da aure da mutuwa da fari da baƙunta, cikin harshenta yake ajiye, kuma shi ne aka bari a ƙofar dandali.

An kuma shirya lacca a kan al'ada da ci-gaban ƙasa. Da faransanci aka yi ta, a zauren da kashi ɗaya cikin huɗu ma bai cika ba, yayin da ake gwajin lasifika a waje. Ina zaune ina tuna cewa Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana da aka haifa a Tasawa, tun a 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa cikin harsunan gida. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram a 1973. An tsayar da ƙa'idojin rubuta harsunanmu a 1999, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Bayan wannan tafiya duka, a ce ɗalibai masu ilimi mai zurfi ba su iya gabatar da waƙar Bafillace ga Bazabarme ba sai da tafi kawai, akwai abin dubawa.

Daren ƙarshe ne ya biya ni wahalar tafiyata. Wata ƙaramar ƙungiya, wadda ba ta kowace jaha ba ce, ta yi wasan kwaikwayo na kusan rabin awa. Labarin ɗalibai biyu ne, Bafillace da Babarbare, da aka haɗa ɗaki ɗaya a gidan kwanan ɗalibai, bursu ya yi jinkiri, tukunya ɗaya ta rage musu da ɗan garin rogo. Kowane yana kiran ɗayan bawansa, kowane yana ƙoƙarin cinye rabon ɗan'uwansa da hujjar taubasantaka. Suna zagin juna da fillanci da barbarci, suna sasantawa da hausa, maƙwabcinsu Bazabarme yana shigowa raba faɗa da nasa harshen, sai Bagobiri ya biyo shi ya ce shi ma ga nasa bawan ya samu. Da Bafillacen ya kwanta zazzaɓi, Babarbaren ne ya sayar da wayarsa ya sayo magani, yana ba shi yana cewa ba don ƙauna ba ne, don kada ya yi asarar bawa. A wannan rabin awa babu wanda ya tashi daga kujerarsa. Wanda ya ji wata kalma yana fassara wa na kusa da shi, dariya tana tashi daga wannan kusurwa ta isa waccan bayan ɗan lokaci, gwargwadon saurin masu fassara. Wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, a nan na gan shi yana aikinsa na asali: bai wa mutane biyu da suka bambanta hanyar faɗa wa juna magana mai ɗaci ba tare da an zare wuƙa ba.

Aibi ɗaya wasan yake da shi. Da labari ya ƙare, sai wani ya fito gaban dandali ya yi jawabin minti biyar da faransanci a kan haɗin kan ƙasa. Abin da ƴan wasa suka riga suka dasa a zukata da tukunya da ƙwayar magani, jawabin ya zo yana tona shi don ya ga ko ya tsira. Masu wasan kwaikwayonmu na da, irin su Yazi Dogo, sun san cewa idan dariya ta isar da saƙo ba a bin ta da wa'azi. Duk da haka wannan ƙungiya ba ta samu ko kyautar ta'aziyya ba, domin a takardar alƙalai babu gurbin wanda ba ya wakiltar jaha.

Akwai misalin da nake so masu shirya irin wannan biki su riƙe. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, Batube ne haifaffen Taskar, malamin makaranta kamarmu, ya yi suna da gurmi da waƙoƙin hausa. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da yake gab da ɓacewa, ya kai shi har ƙasashen Turai. Da ya tsaya ga kukan gidansu kaɗai, da wataƙila yau biram sai a gidan tarihi. Abin da ya cece shi shi ne wani daga wata ƙabila ya ga darajarsa ya ɗauki wahalar koyo.

Wannan magana ta fi hawa kanmu mu Hausawa. Kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ɗaga hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da ingilishi suka zama harsunan aiki, sauran kuma aka kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. Ko mutum ya yi murna da wannan mataki ko ya yi ɗari-ɗari da shi, abu ɗaya ya tabbata: ya ɗora mana nauyi. Bahaushe yana iya zagaya yawancin kasuwannin ƙasar nan bai buƙaci harshen kowa ba, shi ya sa a cikinmu ake samun masu yawa da ba su iya ko gaisuwa da wani harshen gida ba, alhali Batube ko Bagurme yakan iya uku ko huɗu. Idan makon al'adu ya sauya sanƙira mai faransanci da sanƙira mai hausa, sauran harsuna suka ci gaba da zama kiɗan da ake tafa wa ba a fahimta, to ba a gyara komai ba, an ƙara wa ƴan'uwanmu dalilin tsoro ne kawai. Babba juji ne, in ji magabata. Girman hausa a wannan dandali shi ne ta zama mai fassara, ta ɗauko ma'anar waƙar tande ta miƙa wa ɗan Gaya, ta kuma zauna ta saurara.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi masu yawa a ciki. A riƙa jefa ƙuri'a wata biyu kafin biki, kowace ƙungiya ta gabatar da al'adar wata jaha, ƴan jahar su zama malamanta, a raba kyautar tsakanin mai koyo da mai koyarwa. Kada a hau dandali da waƙa sai an rubuta baitocinta cikin harshenta bisa ƙa'ida, an fassara su, an karanta wa jama'a kafin kiɗa ya tashi. Ɗaliban sashen harsuna da na tarihi su tattara waɗannan rubuce-rubuce kowace shekara su zama ɗan littafi, domin abin da aka taka da ƙafa yana ƙarewa a daren, abin da aka rubuta yana jiran ƙannensu. A kuma buɗe gurbi ga ƙungiyoyin da suka haɗa jahohi, irin wadda ta yi wasan tukunya.

Mu kuma malaman kwaleji da lise, mu dubi bukukuwan ƙarshen shekara da muke shiryawa. A can ne yaran nan suka koyi cewa al'ada ita ce a ɗaura wa yarinya zanen kakarta a ɗauke ta hoto. Ni dai na ɗauki alkawari tun a motar dawowa: bana kowane ɗalibi a ajina zai kawo waƙa ko tatsuniya ɗaya daga bakin wani dattijo wanda ba harshensu ɗaya ba, tare da ma'anarta da sunan garin da aka samo ta. A unguwarmu kaɗai akwai mai gadi Buzu, da mai nono Bafillata, da tela Bazabarme, waɗanda muke gaisawa da su kullum da hausa ba mu taɓa tambayarsu yadda ake cewa sannu a gidajensu ba. Zumunta a ƙafa take, kuma tafiyar ba ta da nisa. Allah ya ba mu ikon yi.