Hula da Fenti a Siyasar Dei-Dei

Kasuwar Dei-Dei, a kan babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba, ta yi suna da katako da kayan gini da kara ta dabbobi. Amma duk wanda ya lura da kawunan 'yan kasuwar, da gadon bayan manyan motocin da ke sauke shanu da tumatir daga Arewa, zai ga siyasa a ɗinke, a kuma zane. Abuja ba ta da gwamna, duk da haka jar hular Kwankwasiyya na yawo a nan kamar a kasuwar Kwari ta Kano ake.

Abin ba sabo ba ne. NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, tauraro ta ɗauka, NPC ta riƙe fartanya, PRP ta Malam Aminu Kano kuma ta zo da mabuɗi. Dalilin a fili yake: takardar ƙuri'a a Nijeriya har yau tambarin jam'iyya take ɗauka, ba sunan ɗan takara ba. Dattijuwar da ba ta yi boko ba, tsintsiya ko lema take nema ta dangwala. Ashe wanda ya zana tambarin ya riga ɗan takara shiga akwati.

Jar hula ce ta fi jan hankalina. Magoya bayan Rabi'u Musa Kwankwaso na cewa daga shigar Malam Aminu suka ɗauko ta, tare da farar riga da baƙin takalmi. Da Kwankwaso ya raba gari da Abdullahi Umar Ganduje bayan 2015, cire hular nan kaɗai ya isa sanarwa. Hular Bola Tinubu ma, mai zanen karyayyen mari, haka take aiki: kafin mutum ya buɗe baki, kansa ya faɗi gidansa.

Masu fim sun ɗanɗana ɗacin wannan kusanci na fasaha da siyasa. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya nemi gwamnan Kano a 2007. A ƙarshen 2008 kotu ta ɗaure shi kan fim ɗinsa Tsintsiya, lokacin da Abubakar Rabo ke shugabancin hukumar tace fina-finai ta Kano.

A ganina, zanen bayan mota ya fi fosta gaskiya. Fosta kwangila ce, ana bugawa dubu-dubu, ruwan sama na farko ya tafi da ita. Direba kuwa da kuɗin aljihunsa yake biyan mai fenti, ya kuma ɗauki fuskar gwaninsa ya ratsa garuruwan da ba a ƙaunarta, gilashin motarsa na cikin haɗari. Shi mai fentin, da matar da ta ɓata makonni tana ɗinkin hula da allura, ba a ko ambatonsu ranar rantsuwa. Ya kamata masu nazari a jami'o'inmu su je Dei-Dei su ɗauki hotunan waɗannan ayyuka, su rubuta sunayen masu yin su, tun kafin bugun kwamfuta ya raba su da sana'ar.