Kuskuren Ɗaukar Sunan Ƙarshe a Matsayin Sunan Gida: Misali Daga Ƙasar Katsina

Akwai wata ɗabi'a da ta kama gindi a kundayen ɗalibai da littattafan tarihin mashahuran mutane, watau jera mutane bisa sunansu na ƙarshe, sannan a yanke hukunci cewa gidansu ɗaya, sarautarsu ɗaya. Wannan tsari aro ne daga Turawa, kuma bai dace da yadda Bahaushe ke raɗa suna ba. Sunan da ke bin na yanka a ƙasar Hausa yakan zama na uba, ko laƙabi, ko kuwa sunan gari, wanda rajistar makarantun boko ta yaɗa.

A ɗauki Ƙofa ta ƙasar Kusada. Mutum goma za su iya amsa sunan Ƙofa ba tare da sun haɗa kaka ba. Bugu da ƙari, akwai wata Ƙofar a ƙasar Bebeji ta Jihar Kano, ga shi kuma sarautar hakimin Kusada ita ce Bebejin Katsina. Mai nazarin da ya dogara ga suna kaɗai, nan take zai haɗa abin da tarihi bai haɗa ba.

Gidan sarautar Katsina ya fi bayyana raunin wannan hanya. Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta a 1906, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sannan Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Sarauta ta bi jini ɗaya, amma sunan Dikko bai bi ta ba. Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina kuma Gwamnan Jihar Arewa a 1966, jikan Dikko ne, alhali jerin da aka gina kan harufa zai ajiye shi ƙarƙashin "Katsina". Shi kuwa Umaru Dikko, Ministan Sufuri a Jamhuriya ta Biyu, Bazazzagi ne. Dikko dai suna ne na Fulani da ake yi wa ɗan fari, don haka ba abin mamaki ba ne a same shi ko'ina.

Ko inda sunan ya zauna daram, ana bukatar hattara. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina kafin ta zama sunan zuri'a. Musa 'Yar'aduwa, Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, ya riƙe sarautar Matawalle, haka ma ɗansa Umaru, Shugaban Ƙasa daga 2007 zuwa 2010, Shehu kuma ya zama Tafida. A nan suna da sarauta sun yi tafiya tare, amma nasaba ce ta haɗa su, kuma naɗin a hannun Sarki yake.

Abin da kundayen suka fi sakaci da shi shi ne kirarin maroƙa da bakin dattawan fada, inda ake lissafa iyaye ɗaya bayan ɗaya, har da ɓangaren uwa, wanda sunan ƙarshe ba ya nunawa ko kaɗan.