Tsayuwa Gaban Kyamara: Yamai a Hotunan Philippe Koudjina

A gidaje da dama na tsoffin unguwannin Yamai, irin su Zango da Kalley, akwai wani hoto baƙi da fari da ake ajiyewa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwa da na fili. Saurayi ne a ciki, riga ta ɗame shi, wando ya buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa kujera. Jikokinsa in sun gani sukan yi dariyar wandon. Amma wanda ya daure ya wuce wandon ya kai ga idanun, zai ga abin da ya fi tufafin daɗewa. Saurayin yana kallon kyamara kai tsaye, ba ya roƙon kowa komai, ba ya kuma neman a ji tausayinsa.

Cikin waɗanda suka bar wa birnin irin wannan kallo, babu sunan da ya kai na Philippe Koudjina. An haife shi a Kwatano a 1940, ya iso Yamai a 1959, ana saura shekara guda Nijar ta samu mulkin kai. Daga baya ya buɗe shagon hoto mai suna Photo Souvenir, sai dai aikin da ya fitar da shi ba na cikin shago ba ne. Na dare ne: gidajen rawa, mashaya, bukukuwa, makaɗa da kayan kiɗansu, samari da ƴammata masu kwaikwayon taurarin da suke gani a majigi, da sojojin Faransa da ke zaune a ƙasar a lokacin. Zamanin ne da Moustapha Alassane ya yi fim ɗinsa na 1966 a kan samarin da suka mai da kansu kaboyi, zamanin da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, aka fara haƙo yuraniyom a Arlit, Oumarou Ganda kuma ya ɗauko babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Birni ne ƙarami da ke ji a jikinsa cewa gobe tasa ce.

Hausa ba ta da kalma guda ga abin da ke cikin waɗannan hotuna, kuma wannan arziki ne ga mai nazari. Akwai kwarjini, akwai isa, akwai gaba gaɗi, akwai sakin jiki. Kwarjini ba ya wahalar ɗauka: a zaunar da sarki, a jera dogarai, rawani da alkyabba za su yi rabin aikin, ko ɗan koyo ne ke riƙe da kyamara. Isa ma ana iya aronta, domin masu shagunan hoto na wancan zamani sukan ajiye agogo da tabarau da rediyo don mai son ya fito kamar ɗan kasuwa. Sakin jiki ne ba a aro. Mutum bai iya umartar kafaɗarsa ta sauka, ko ya hana wuyansa sanƙarewa idan baƙo ya auna shi da na'ura. A nan gwanintar Koudjina take. Mai rawa a hotonsa rawa yake yi, hannunsa bai tsaya don a ɗauka ba. Waɗanda ke zaune a teburi sun juyo da fuska kamar an kira sunansu, kwalabe da kofuna na nan yadda suke, ba wanda ya kawar da su don kunya.

Ana iya cewa baiwa ce, a wuce. Amma akwai dalili da ya fi wannan bayyana, kuma yana cikin tsarin sana'ar kanta. Mai hoton dare a waɗancan shekaru yakan zagaya wuraren shaƙatawa da kyamara da fitilarta, ya koma ɗakin duhu ya wanke, sannan ya kawo wa mutane hotunansu su saya. Wanda aka ɗauka shi ne mai saye. In hoton ya ƙasƙanta shi, ba zai fitar da ko dala ba, takarda da magani sun tafi a banza. Ke nan hukunci na ƙarshe a kan hoto yana hannun mai fuskar, kuma ya san haka tun lokacin da yake tsaye gaban kyamara. Ga kuma sabo: mai hoton da ke zuwa kowane daren Asabar ya daina zama baƙo, ya zama kamar mai kiɗa ko mai gasa nama a bakin ƙofa. Ba a ɗaure fuska don mai gasa nama.

Za a fi gane nauyin wannan idan aka dubi hotunan da duniya ta fi sanin Nijar da su. Kashi na farko na yunwa ne: farin 1973 da 1974, na 1984, sannan yaran da aka ɗauka a cibiyoyin ciyarwa na Maradi a 2005. Kashi na biyu na ado ne, wato samarin Wodaabe a wasan Gerewol, waɗanda littafin Carol Beckwith na 1983 ya yaɗa fuskokinsu ko'ina. Ba a raina ko ɗaya. Hotunan yunwa sun sa an kawo abinci, na Gerewol kuma an yi su da haƙuri da ido mai kyau, kuma samarin cikinsu ba su rasa ji da kai ba ko kaɗan. Sai dai a duka biyun mai saye yana can wata ƙasa, shi ake so hoton ya taɓa, ko da tausayi ko da mamaki. Uwar da ke riƙe da yaro a Maradi ba a kawo mata hoton ta ce ya yi ko bai yi ba. Bambancin ke nan, kuma ana ganinsa a kafaɗu.

Duk da haka, bai kamata a mai da Koudjina madubin Yamai gaba ɗaya ba. Birninsa na masu albashi ne da ƴan makaranta da baƙi, birnin bayan sallar lisha. A shekarun da yake ɗaukar masu rawa, dubban waɗanda fari ya koro suna zaune a sansanin Lazaret a gefen gari, kuma mai kallon hotunan dare kaɗai ba zai san da su ba. Hotunan sojojin Faransa da ƴammatan gari ma suna bukatar a dube su sau biyu. Kowa na murmushi, amma aljihun ba ɗaya ba ne, kuma ɗayansu yana da jirgin da zai mai da shi gida. Mai hoton bai ɓoye wannan ba, bai kuma yi sharhi a kansa ba. Ya bar shi a fili ga mai son gani.

Akwai wani kuskure da masu nazari daga waje kan yi, wanda malami mai nuna wa ɗalibai irin waɗannan hotuna ya kamata ya kiyaye. Sukan auna amincewa da kai da kallon ido cikin ido kawai. A tarbiyyar Hausa da Zabarma kuwa, amaryar da ta sunkuyar da kai ranar bikinta ba tsoro take ji ba, ta san matsayinta ne, kuma ta san duk taron don ita aka yi. Dattijuwar da ta ƙi kallon kyamara, ta ci gaba da tsinke zogalenta, ta fi mai murmushin dole natsuwa. Kunya da isa sukan zauna a fuska ɗaya. Mai hoton da bai san haka ba zai yi ta cewa "ɗago kai, yi dariya", har ya kori abin da ya zo nema.

A bukukuwan jama'a matsalar takan sauya kama. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, filin kokowa ya zama wurin da ƴan Nijar ke nuna kansu ga junansu. Amma yawancin hotunan da ke fitowa daga can iri biyu ne: lokacin kaye, da lokacin da babban jami'i ke miƙa takobi. Na farko labari ne, na biyu shaida ce ta ofis. Abin da ke tsakani ana barinsa ya wuce: ɗan kokowa yana kirari kafin a kama, layu sun cika ƙirjinsa, makaɗi na binsa a baya, ko wanda aka kayar yana tashi yana kakkaɓe ƙasa, ya rungumi wanda ya kayar da shi. Haka abin yake a bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jihohi, daga Dosso a 2014 zuwa Maradi a 2015 da sauransu: rumfar manya ta cika hotuna, mai sayar da ruwan sanyi da ta yi kwalliyar sallah don ranar ba ta samu ko ɗaya ba. Wayar hannu ta gyara wani abu a nan, tun da yanzu kowa na ɗaukar kansa kuma shi ke zaɓen wanda zai ajiye. Abin da ta kasa bayarwa shi ne ido na biyu, na wanda ya san mutum, yake kuma tsaye nesa kaɗan yana jiran ya manta da shi.

Ƙarshen Koudjina bai yi kama da hotunansa ba. Injinan wanke hoto mai launi da suka bazu a shekarun 1980 sun karya kasuwar masu ɗakin duhu a duk yankin, shi kuma ga rashin lafiya da raunin gani. Mujallar Revue Noire ta Paris ta buga aikinsa, amma bai samu abin da takwarorinsa na Bamako suka samu ba. Malick Sidibé, wanda ya yi irin wannan aiki na dare a Mali, ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinariya na Venis a 2007. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 2006, wasu ƴan Holan biyu, Paul Cohen da Martijn van Haalen, suka fitar da fim a kan Koudjina, suka ba shi sunan tsohon shagonsa. A ciki an ga mutumin da ya ɗauki samartakar birni guda yana neman taimako a titunan birnin. Wannan karon shi ne a gaban kyamara, kuma masu kallon suna wata ƙasa. Ya rasu a Yamai a watan Mayu na 2014.