Mai Bin Sawun Wuta a Tsohuwar Fijo

Tsohuwar mota idan ta ƙi tashi a tasha, kowa ya zama mai fatawa. Wannan ya ce kabureta ce, wancan ya ce batir ya mutu, wasu kuma har sun naɗe hannun riga za su tura. Ana cikin wannan surutu ne ake aikawa a kira mai gyaran wayarin. Shi kuwa sai ya zo da sukuddireba ɗaya, da ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu, da guntun sanfefa a aljihu. Ba ya taɓa cewa a sayo komai sai ya ga inda wutar ta tsaya, kuma a nan gwanintarsa take.

Motar da ta fi horar da irin waɗannan mutane a ƙasar Hausa ita ce Peugeot 504, Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. Kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Shi ya sa har yau ake ganin akori-kurarta ɗauke da buhuna ranar kasuwar ƙauye, a Nijeriya da Nijar, kayan gyaranta kuma ba su yanke ba a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Tsarin wutar yawancin waɗannan Fijo ya ma girmi motar nesa ba kusa ba: wani injiniya Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya daidaita shi a birnin Dayton, motocin Cadillac suka fara amfani da shi wajajen 1910.

Batir bolt 12 kawai yake bayarwa, wanda ba zai iya tsallake ratar bakin fulogi ba. Koyil ne ke ɗaga wannan wuta ta kai bolt dubu goma sha biyar zuwa ashirin, ko ma fiye. A cikinsa akwai naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri da zagaye kaɗan, ɗaya siriri mai zagaye dubbai. Abin da yaran gareji ke daɗewa ba su gane ba shi ne, tartsatsi ba ya fitowa lokacin da wuta ke gudana a koyil, sai a daidai lokacin da aka yanke ta. Mai yankewar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin distiributa da ke haɗuwa suna rabuwa. A inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti, kwantak na buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Kusa da shi akwai kwandansa, wadda ke shanye wutar da za ta ƙona bakin kwantak. Daga koyil babbar wuta ta bi waya ɗaya ta shiga tsakiyar murfin distiributa, rota ta raba ta ga fulogi huɗu bisa jerin 1-3-4-2.

Wanda ya riƙe wannan hanya a ka, aikinsa ya zama irin na mai noman rani da ruwa ya ƙi isa fangalinsa: bin magudanar zai yi har ya tarar da inda ta toshe. Sai dai gwani ba ya bi taki-taki daga farko, yankan hanyar yake yi gida biyu.

Da farko kunne yake sawa. "Yaro, cire giya, buga kik." Idan injin na juyawa da ƙyar, fitilu na dushewa, to batir ne ko kan batir ya yi tsatsa, domin kik ya kwashe wutar bai bar wa koyil komai ba. Idan yana juyawa garau amma bai kama ba, saura tambaya ɗaya: mai ne ko wuta? Ya zare wayar fulogi ɗaya, ya riƙe ta ta wajen roba, ya kusantar da bakinta ga jikin inji, nesa da kabureta da duk inda fetur ya zuba. A sake buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas, wuta lafiya take, a koma wajen mai. Ja-ja ko rawaya siriri, wutar ba ta da ƙarfi. Idan shiru ne, aiki ya fara.

"Malam, ba koyil ba ne? A sayo sabo mana," in ji mai motar.

"Yi haƙuri, Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna."

Sai ya zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ya yi mata gwajin da ya yi wa ta fulogi. Wannan gwaji ɗaya ya wanke rabin waɗanda ake zargi. Idan akwai wuta a nan amma ba ta isa fulogi, koyil da kwantak ba su da laifi. Matsalar tana murfi, ko rota, ko wayoyin fulogi. Ya ɓalle murfin, ya juya shi wajen haske. Da damina raɓa ce ke kwana a ciki. Da hunturu ƙura ce ke haɗuwa da maiƙo. Wani lokaci kuma sai ya nuna maka wani baƙin layi siriri kamar an ja da fensir, wanda idon da bai saba ba zai wuce: nan ne wuta ta ƙona wa kanta gajeriyar hanya ta daina bin ta fulogi. Ya duba ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin ko ya cinye, ya sa a buga kik ya tabbatar rota na juyawa.

Idan kuwa wayar tsakiyar ma shiru, lokacin ƙwan fitila ya yi. Ya maƙala waya ɗaya a jikin mota, ya taɓa ɗayar a gefen koyil da wuta ke shiga, makulli a kunne. Ƙwai bai kama ba, wuta ba ta ma iso ba, a koma baya wajen makulli da wayoyinsa. Ƙwai ya kama, ya matsa zuwa ɗaya gefen, mai tafiya distiributa, a buga kik. A lafiyayyar mota ƙwan zai riƙa ƙyaftawa, yana mutuwa in kwantak ya rufe, yana kamawa in ya buɗe. Ya kama ya ƙi mutuwa, kwantak ba ya haɗuwa sosai: datti, ko ƙuna, ko wayar da ta tsinke. Ya mutu ya ƙi kamawa, kwantak ba ya buɗewa, ko kwandansa ta lalace tana zubar da wutar a jiki, ko naɗin cikin koyil ya yanke.

Sau da yawa a kwantak ake kama ɓarawon. Ɗan robar da ke gogar sandar distiributa yana cinyewa a hankali, ratar tana raguwa har ta rufe. Gwani ya juya injin da hannu har kwantak ya kai iyakar buɗewarsa, ya zura sanfefa ya goge bakin har ya yi fari, ya ja takarda mai tsabta a tsakani don kwashe ɓurɓushi, sannan ya saita ratar wajajen milimita 0.4. Tsofaffin hannu da ido suke ƙiyasta ta, in an auna kuma da wuya a same su da kuskure mai yawa.

Labarin da direba zai bayar ma kayan aiki ne. Motar da ke tafiya lafiya, ta mutu in ta ɗauki zafi, ta tashi in ta huce, galibi koyil ne ya fara gajiya, shi ya sa za ka ga direbobi sun naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya bar makulli a kunne inji a kashe, yana iya dafa koyil ɗinsa da kansa. Bakin kwantak da ke ƙonewa duk bayan 'yan kwanaki, kwandansa yake tona wa asiri.

Makaniken canji-canji zai sa a sayi fulogi, a sayi koyil, a sayi kwantak, har motar ta tashi ba wanda ya san abin da ya gyara ta, kuma direban da ke neman na cefane shi zai biya. Motoci 'yan Kwatano na yanzu ba su da kwantak. Na'ura ce ke jin juyawar inji, kwamfuta ta yanke wutar. Amma tambayoyin ba su canza ba: wuta ta iso koyil, akwai mai yanke ta, ta isa fulogi? Yaron da ya koyi jera su a kan Fijo, in aka miƙa masa na'urar binciken kwamfuta, ya san abin da zai tambaye ta. Don haka in motarka ta ƙi tashi aka ce ka kawo kuɗin koyil, ka nemi a fara nuna maka inda wutar ta tsaya. Wanda ya iya aikin zai nuna maka nan take.