Harbin Saiti: Dokar Gida Da Ke Cinye Wasa

Wannan karon a kan wasan tebur zan yi magana, irin wanda ake zama da takarda da bik da dayis, mutum guda yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana tafiyar da shi. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A irin wannan wasa, kusan kowane zama yana da "dokar gida", wato ƙa'idar da masu wasan suka ƙara da kansu, babu ita a littafi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan dokoki ita ce harbin saiti: ɗan wasa ya ce "ni ido nake so" ko "wuyansa zan sara", a rage masa maki a jifar dayis, in ya samu, abokin gaba ya faɗi nan take. Ni a ganina wannan doka, duk da daɗinta a kunne, ɓarna take yi.

Mu fara da lissafi, tunda ba ya son kai. Dayis ɗin kai hari fuska 20 gare shi. A ce jarumi yana buƙatar 9 ko sama kafin saransa ya kama, damarsa 60 cikin 100 ke nan. Takobinsa na cin dayis mai fuska 8, a ƙara 3, wato bakwai da rabi a tsakaice. Dodon da ke da makin rai 60 zai ɗauke shi zagaye 13 ko fiye. To, a ce dokar gida ta rage 5 ga mai saiti: yanzu 14 yake nema, damarsa ta koma 35 cikin 100, amma sara ɗaya ya isa. A tsakaice zagaye 3 an gama. Don Allah, wane mai hankali ne zai zaɓi 13 ya bar 3? Dokar da aka kawo don a ƙara zaɓi ita ce ta kashe zaɓin, kowa kai yake nema.

Matsalar daga tushe take. Makin rai ba nama da jini kaɗai ba ne. Gygax da kansa ya bayyana a littafin mai jan wasa na 1979 cewa makin ya ƙunshi ƙwarewa da sa'a da iya kauce wa sara. Jarumi mai maki 80 ba wuyan ƙarfe gare shi ba, ya dai iya kare wuyan. Harbin saiti kuwa tsallake wannan kariya yake yi gaba ɗaya. Wasannin da suka so a riƙa zaɓen gaɓa, tun farko suka gina kansu a kai. RuneQuest na 1978 ya raba makin rai gaɓa-gaɓa. GURPS ya yanka wa kowace gaɓa farashinta: hannu ko ƙafa a rage 2, ƙoƙon kai 7, ido 9. Ɗauko wannan a liƙa a wasan da ba a shirya masa ba, ɗinkin da zai yage ne.

Wanda aka fi cuta shi ne mai faɗan gaba-da-gaba. Maharbi yana can nesa, in kibiyarsa ta kuskure ba abin da ya same shi, sai ya sake ɗana wata. Mai takobi kuwa, duk saran da ya ɓata, a jikinsa zai ji ramuwa. Farashi ɗaya aka sa musu, amma haɗarin ba ɗaya ba ne.

Sannan akwai tambayar da ba a son ji: dodanni fa, su ma za su yi saiti? In aka ce a'a, wasan ya zama yanka rago. In aka ce e, ka tuna dodo sau ɗaya yake shiga faɗa a rayuwarsa, jarumin ɗan wasa kuwa sau ɗari. Ba makawa wata rana kibiyar wani ɗan ƙaramin ɓarawo za ta gama da jarumin da mutum ya yi wata shida yana renonsa. Daga nan rigima take tashi, har zama ya watse.

Ban ce a jefar da saiti kwata-kwata ba. Shawarata uku ce. Na ɗaya, saiti ya sayo yanayi, kada ya sayo kisa: takobi ya suɓuce, ƙafa ta yi sanyi na zagaye ɗaya, mai saitin kuma ya haƙura da rabin ɓarnar da zai yi. Na biyu, ragin mai faɗan kusa ya fi na maharbi sauƙi, tunda shi ya kai ƙirjinsa. Na uku, a rubuta dokar a kaye kafin a jefa dayis na farko, ta hau kan kowa, har da dodannin mai jan wasa. Dokar da ba za ka yarda a yi maka aiki da ita ba, kada ka kawo ta tebur.