Taron Sadaukai: Nazarin Labarun Gamayya a Littattafan Zane na Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin adabi wanda ake tsarawa da zane-zane a jere bisa shafi, a rubuta maganar kowane mutum cikin ɗan da'ira kusa da bakinsa. Waɗanda suka fi shahara a cikinsa su ne labarun sadaukai masu ƙarfi ko dabarar da ta wuce ta sauran 'yan Adam, irin su Superman da Batman da Spider-Man. Bisa al'ada kowane sadauki yana da mujallarsa, da garinsa, da abokan gabansa. Amma wani lokaci akan tara su cikin labari guda su yi wa wani mugu taron dangi, wannan kuwa shi ne ake nufi da labarin gamayya a nan. Da yake ɗalibai da yawa sun san sadaukan nan ta wajen sinima, ya kamata malamin adabi ya sami ma'aunin da zai auna irin wannan labari da shi, ya rarrabe tsaki da tsakuwa.

Wuyar da ke gaban marubucin gamayya a fili take. Kowane sadauki a cikin mujallarsa ba a kayar da shi, to, in an tara bakwai ko takwas wuri ɗaya, wane mugu ne zai tsaya musu har mai karatu ya ji tsoro dominsu? Hanya biyu marubuta suka bi. Ta fari, a yi ta ƙara wa mugu girma. Ta biyu, a sa tankiya tsakanin sadaukan kansu. Tarihin wannan adabi ya nuna ta biyun ce mai ɓullewa.

Ƙungiyar farko ita ce Justice Society of America, wadda ta fito cikin All Star Comics na 3 a ƙarshen 1940, Gardner Fox ne ya rubuta. Sadaukai takwas suka taru wajen liyafa, kowa ya kawo labarin abin da ya same shi shi kaɗai. Watau tsarin labari cikin labari ne, irin wanda masu karatun Hausa suka saba da shi a Dare Dubu da Ɗaya da Magana Jari Ce. A fitowar da suka biyo baya akan taru a farkon littafi, a rarrabu kowa ya yi nasa babi, sa'an nan a sake haɗuwa a ƙarshe. Har ila yau akwai ƙa'ida cewa wanda ya sami mujalla tasa ta kansa sai ya bar zama cikakken ɗan ƙungiya, kamar yadda ya faru ga Flash da Green Lantern. Wannan ya nuna tun asali akwai dalilin ciniki cikin al'amarin, gama ana so a tallata ƙananan sadaukai ne a inuwar ƙungiya.

A 1960 Fox ya sake ɗaga wannan gini da sunan Justice League of America, cikin The Brave and the Bold na 28. Abokin gaba shi ne Starro, wata ƙatuwar halitta daga sararin sama mai siffar tauraron teku, aka kuwa ci nasara a kansa da farar ƙasa irin wadda ake barbaɗa wa ciyawa. Labarin yana da dabara, kuma ya yi kama da tatsuniyoyin nan na samari masu gwaninta dabam-dabam, inda akan ƙare da tambayar wa ya fi cikinsu. Amma yana da rauni, wanda za a iya ganowa da wani gwaji na ilmin harshe.

Masana harshe in suna so su tabbatar sauti biyu dabam suke, sukan musanya ɗaya da ɗaya su duba ko ma'ana ta sāke, kamar yadda "daidai" ke komawa "ɗaiɗai". Haka nan ana iya ɗaukar maganar da aka sa a bakin Flash a mayar da ita bakin Green Lantern ko Aquaman. A yawancin shafukan farko na Justice League ba abin da zai sāke, domin dukansu murya ɗaya gare su, da ladabi ɗaya, da ra'ayi ɗaya. Rigunansu da makamansu ne kaɗai suka bambanta.

Stan Lee da Jack Kirby sun bi wata hanya a The Avengers na 1, cikin 1963. Loki, don ƙiyayyar ɗan'uwansa Thor, ya shirya makirci aka ɗora wa Hulk laifin ɓata hanyar jirgin ƙasa. Saboda haka Iron Man da Ant-Man da Wasp suka soma da farautar wanda zai zama abokinsu, kafin a gano mai laifi na ainihi. A fitowa ta 2 wani mugu mai rikiɗa ya riƙa shiga siffar 'yan ƙungiya yana haɗa su faɗa. Ko da aka kore shi, Hulk ya riga ya ji abin da ke cikin zukatan abokansa game da shi, sai ya yi fushi ya tafi. A nan gwajin musanya ba ya yiwuwa, gama Thor yana magana da isa irin ta 'ya'yan sarauta, Hulk kuwa da zafin rai da zargi. Mugun labarin ya zama sanadi kawai na tone abin da ke binne tsakanin sadaukan.

Wannan tsari na faɗa kafin sulhu ya zama al'ada, har wani lokaci akan tilasta shi. A 1976, sa'ad da kamfanonin DC da Marvel suka haɗa Superman da Spider-Man cikin littafi guda, sai da marubucin, Gerry Conway, ya sa Lex Luthor ya haska wa Spider-Man wani haske mai ƙara ƙarfi, don faɗan ya yiwu. Duk da haka littafin ya kuɓuta a ƙarshensa, inda Doctor Octopus ya juya wa Luthor baya da ya ga yana shirin hallaka duniyar da shi ma yake ciki. Ashe taron miyagu ma da saɓani yake rayuwa.

Hanya ta fari, watau ƙara wa mugu girma, ta kai matuƙa daga 1984. Secret Wars, mai fitowa 12, an shirya ta ne tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel, aka kwashe sadaukai da miyagu zuwa wata duniya don su gwabza. A The Infinity Gauntlet ta Jim Starlin, 1991, Thanos ya shafe rabin masu rai da ƙyasta yatsu, sadaukan da suka taru ya karkashe su ɗaya bayan ɗaya, daga baya kuma aka warware kome aka mayar da matattu. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Hasarar da ta wuce lissafi, wadda kuma aka san za a mayar, ba ta taɓa zuciyar mai karatu.

Crisis on Infinite Earths ta Marv Wolfman da George Pérez, 1985 zuwa 1986, ta tabbatar da wannan ta wata fuska. An rushe duniyoyi ba iyaka, an cika shafuka da ɗaruruwan fuskoki, amma abin da ya zauna a zukatan masu karatu shi ne mutuwar mutum biyu: Supergirl a fitowa ta 7, wadda Superman ya ɗauki gawarta yana kuka, da Flash a ta 8, wanda ya mutu shi kaɗai yana lalata makamin abokin gaba. Ko wannan ma an rage masa nauyi da aka komo da Flash a 2008.

Saboda haka malamin da ya kawo irin wannan labari gaban aji yana iya sa ɗalibai su yi tambaya biyu. In an musanya maganar wannan sadauki da ta wancan, ko an cire ɗaya cikinsu, labarin zai sāke? Bayan an kayar da mugu, akwai abin da ya canja tsakanin waɗanda suka taru, wanda ba za a iya mayarwa ba? Labarin da ya amsa duka biyu ya cancanci nazari kamar kowane ƙagaggen labari. Wanda ya kāsa kuwa, talla ce aka yi wa ado da zane, kome yawan sadaukan da ke bayan littafin.