Daga Gandu Zuwa Dandalin Masu Fasaha: Sharhi a Kan Tarihin Gidan Ɗan Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin yadda ake ba da tarihin Gidan Ɗan Hausa, wanda ke Nasarawa, a wajen ganuwar birnin Kano. A ganinmu, tarihin da aka saba bayarwa ya tauye gidan, domin yakan fara ne daga zuwan Bature.

2.0 Matakan Tarihin Gidan

A ƙarni na 19, Nasarawa gandun Sarkin Kano ce, bayi ne ke nome ta, amfanin kuwa ya shiga fada. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai unguwar ta zama mazauninsu. A 1909 Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a nan, har da sashen koyar da sana'o'in hannu, kamar dukanci da ƙira. Shi ne kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Daga bisani gidan da ya zauna ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, inda makaɗa da 'yan rawar Koroso da masu wasan kwaikwayo ke haɗuwa.

3.0 Sharhi

Ba ma musun aikin Ɗan Hausa. Amma abin da ke ɗaukar idon baƙo a gidan, watau ginin tubali, da rufin azara, da bakan gizo, da zankwaye, duk aikin maginan Kano ne. Ga shi gidan na amsa sunan wanda ya zauna a cikinsa, waɗanda suka ɗora tubalinsa kuwa ba a ambaton su, balle bayin da suka yi noman gandun. Bugu da ƙari, fasahar da ake nunawa a nan tushenta na cikin birni, a marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. In aka raba ta da masu ita, sai ta koma kayan kallo kawai.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna kira ga manazarta da su tattara tarihin baka daga zuriyar magina da mutanen gandu tun dattawansu na raye. In aka yi sakaci, ɗalibanmu za su tashi da zaton fasahar gidan nan baƙuwa ce.